Gwajin da Na Faɗi da Gangan

Laraba, 2 ga Agusta

Yau aka yi mana gwajin ƙwaƙwalwa a ɗakin kwamfuta. Duk ɗan zari-rugar Amurka a makarantarmu sai ya yi shi kafin a fara wasannin shekara. Miss Odom, mai kula da lafiyarmu, ita ke ajiye sakamakon. In ka sha karo a kai sai a sake maka, in ka kasa kamo makinka na farko, sai zaman benci, ba wasa.

Dontrell, abokin wasana, ya raɗa min a layi: "Kai, Tavarus, kada ka yi mana gwaninta. Yi a hankali kamar tsohuwa, ka zubar da rabi. Ran da aka fasa maka kai, ko a mafarki ka haye."

Haka na yi. Ina ganin amsa ina danna wata. Miss Odom ta dubi takardar, ta dube ni. "Kai da ke cin lissafi?" Na ce ban karya kumallo ba ne, madam.

Shekarata ta ƙarshe ce a sakandare. Koci Tibbs daga jami'ar arewacin jiha ya ce zai zo kallona 29 ga Satumba. In ya ɗauke ni, karatu kyauta. In bai ɗauka ba, kamfanin yankan kaji, gefen Kawu Royce. Garin nan ba shi da hanya ta uku.

Asabar, 16 ga Satumba

Jiya na sha karo. Hular kwano da hular kwano, ni da wani ƙato mai lamba 54. Fari fat na gani, kunnena ya ɗauki ƙara. Wai na miƙe da kaina, wai har na ci ƙwallo bayan nan. Wai. Ni dai na tsinci kaina a bas ana waƙa.

Koci Rudd, mai horar da mu, ya daki kafaɗata. "Haka maza ke yi, ɗana."

Litinin, 18 ga Satumba

An sake min gwajin. Kaina kamar ana daka a ciki, haruffa suna iyo, amma na haye. Har na ɗara makin Agusta! Dontrell ya yi dariya har da riƙe ciki. "Shege, karo ya ƙara maka basira."

Miss Odom ba ta yi dariya ba. "Ba ciwon kai? Ba jiri?" Na ce ko kaɗan. Ta sa hannu in ci gaba da wasa don ba ta da abin kamawa.

Na yi amai a bayan ɗakin motsa jiki. Ba wanda ya gani.

Alhamis, 21 ga Satumba

Fitilun aji sun zama abokan gabana.

Lahadi, 24 ga Satumba

Gangar coci ta kusa kashe ni, na fita na zauna a mota.

Muna cin abinci na tambayi Kaka ko Kawu Royce zai zo. Ta ajiye cokali. "Sau uku ke nan, ɗan nan. Na ce maka yana aikin Lahadi." Na daka mata tsawa, na ce to sai me, laifi ne tambaya? Ni, Kaka Lurleen nake wa tsawa, matar da ta raine ni tun ina wata shida. Sai ta ƙara min burodin masara. Kunya ta hana ni ci.

Kwana biyar. In dai na kai Juma'a, shi ke nan.

Asabar, 30 ga Satumba

Koci Tibbs ya zo jiya. Koriyar riga, takarda a hannu. Na yi wasa kamar mahaukaci, na sake shan wani karo a kai, ƙarami dai. Sau biyu na tsaya a inda ba wurina ba, sai da Dontrell ya ja ni da riga. "Nan, dalla! Me ke damunka?"

Bayan an tashi Koci Tibbs ya ba ni hannu. Ya ce irina suke nema, yaron da ba ya kauce wa karo. Zai dawo 13 ga Oktoba, in na maimaita, takardar karatu kyauta ta zama tawa.

Shekara huɗu nake jiran maganar nan. Na ji ta, kuma abin da nake so kawai shi ne a kashe fitilun filin.

Talata, 3 ga Oktoba

Na ɗauki Kaka zuwa karɓar maganinta. A mararrabar gidan mai na tsaya. Hanyar da nake bi tun ina kan keke. Hagu ko dama? Babu. Wayam. Na baya yana ta hon.

Kaka ta ce a hankali, "Hagu, ɗan nan."

Da muka dawo ta ce, "Kawunka ma an taɓa zuwa kallonsa. Ka ga yadda yake neman makullinsa alhali yana hannunsa? Ni ba jami'a na raina ba, kai na raina."

Na buɗe littafin nan, na karanta abin da na rubuta ran 16. Rubutuna ne, amma ban tuna na yi shi ba. Tsoro nake ji, gaskiya.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ƙanƙara kawai na je karɓa wajen Miss Odom, na rantse. Ban san yadda aka yi bakina ya buɗe ba. Na faɗa mata duka, har maganar gwajin Agusta.

Ta karɓi hular kwanona ta kulle a kabad. Koci Rudd ya wuce ni a baranda kamar bai taɓa sanina ba. Dontrell ya ce, "Mako ɗaya fa ya rage, mahaukaci! Mako ɗaya!"

Litinin, 16 ga Oktoba

Koci Tibbs ya zo ran Juma'a, ya kalli wani. Bai kira ba. Kawu Royce ya ce ana ɗaukar ma'aikata a kamfanin kaji bayan Kirsimeti, ya faɗa yana kallon ƙasa.

Yau na tambayi Miss Odom yaushe kaina zai koma yadda yake da. Ta jawo takardar Agusta ta ajiye a gabana. "Da me zan auna, Tavarus? Wannan kaɗai nake da ita, kuma ba kai ba ne a ciki."

Ƙarfe huɗu, lokacin atisaye, ina baranda muna ɓarar wake da Kaka. Ana jin usur ɗin Koci daga nan. Na saurara ko zuciyata za ta tashi. Ba ta tashi ba. Wataƙila gajiya ce.

Hular tana kabad har yanzu. Na wuce ta ƙofar Miss Odom sau biyu, ban tambaya ba.