Sawun Shanunka Ya Tsaya a Tsamiya

Zuwa ga ƙanena Maitama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Hyattsville a ƙasar Turawa lafiya lau, sai gwiwa da sanyi. 'Yata Hannatu ce ke rubuta min, na kuma hana ta gyara min magana.

Ɗanka Haidar ya faɗa min bijiman nomanka sun dawo, har an fara huɗa. Alhamdulillahi. Yanzu ka zauna ka ji, tunda kai ne ka ce a waya tsufa ya ruɗa ni. Ranar da ɓarayi suka kora su, kun bi sawu har tsamiyar kan iyaka kuka juyo, wai tunda ƙasar ƙetaren ta fita daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu ba wanda zai saurare ku a can. Na ce maka a gindin tsamiyar nan Baba da Sarkin Baka Barmo na can ƙetaren suka dafa Alƙur'ani, ina tsaye riƙe da buta: sawun da ya ƙetara, mutanen wancan gefe ne za su ɗauka. Ka yi dariya.

To, akwai wani direban tasi da muke Juma'a tare, Lawali. Tun tuni na ga tsagar fuskarsa na tambaye shi asali, ashe jikan Barmo ne. Na tare shi wajen takalma a masallaci, na faɗa masa maganar bijimanka da rantsuwar. Ya ce Baba, zamani ya canja, manya ma sai a hankali suke magana da juna. Na shiga motarsa na zauna, na ce ba zan sauka ba. Ya kai fasinja har garin Largo ina gaba, ina jero masa sunayen waɗanda suka shaida rantsuwar. Da na ambaci kakarsa, sai ya faka ya kira kawunsa a can gida. Kawun ya tara mafarauta, suka sanar da jandarmomi, su kuma suka yi magana da jami'an gefenmu. Sauran ka fi ni sani.

Abin da nake so, ka sayi goro ka tafi da ƙafarka ka gode musu, kada ka aika. Ka tafi da Haidar, ku tsaya a tsamiyar ka faɗa masa abin da aka yi a wurin, ko da za ka ce daga bakin ruɗaɗɗen tsoho ka ji.

Ka gaishe min da Sadiyya, da Zahra da jaririnta, da Liman. Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Naka yayanka,
Ɗanlami