Fitilu Goma Sha Biyu a Ƙarƙashin Gado

Setapak, Kuala Lumpur
9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da yara, da aikin asibitin garinmu. Mu nan ƙalau muke. Sakinatu na gaishe ka. Cikinta ya shiga wata biyar, kuma ita da ta rantse ba za ta taɓa cin abincin ƙasar nan ba, yanzu kullum sai na sayo mata shinkafa a shagon abincin da ke ƙasan benenmu, irin wanda suke kira mamak.

Albishirinka. Ka daɗe kana yi mini kukan ruwan asibitinku, yara su zo da gudawa su koma gida da wadda ta fi ta. To a ɗakin gwajinmu akwai dogayen fitilu na gilashi waɗanda haskensu ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. An kawo sabuwar doka a jami'a, wai duk fitilar da ke da zaiba a cikinta, wato ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli, a tattara, wani kamfani ya kwashe ya lalata, a koma wa sababbi marasa zaiba. Yaya, fitilu ne garau, wasu ko wata shida ba su yi ba! Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanen da ruwan famfonsu bai taɓa kashe ɗan kowa ba, su ne za su gaya mana abin da ke da haɗari.

Ni aka sa in jera su a akwatin da za a ɗauka. Na jera, amma goma sha biyu sun biyo ni gida. Na naɗe su da tsofaffin zannuwan Sakinatu na tura ƙarƙashin gado, na ce mata kayan makaranta ne. Da na sami mai tahowa zan aiko maka.

Ka gaishe mini da Inna.

Ƙaninka,
Munzali

Taman Melati, Kuala Lumpur
2 ga Maris

Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Ni kam hankalina a tashe yake.

Sakinatu ta jawo ƙullin nan tana neman wani zaninta, sai ya kwance, bakwai suka fashe a kan kafet. Ka san ta da tsafta. Ta ɗauko tsintsiyar da muka taho da ita daga Kano ta yi ta shara, har 'yan ɗigon nan masu ƙyalli suka ɓace cikin kafet. Daga nan ta rufe tagogi ta kunna turaren wuta, ta ajiye kaskon a daidai wurin, kamar yadda take yi kowace safiya. A nan kuma take shimfiɗa dardumarta. Tsoron faɗana ya hana ta gaya mini, sai bayan kwana tara na gano da kaina.

Takardar dokar da na sa wa hannu a jami'a ta faɗi kome: in fitila ta fashe kada a share, a buɗe tagogi, a nisanta wuta, mai ciki ta fita daga ɗakin. Na karanta, na yi tsaki. Ko kalma ɗaya ban gaya mata ba.

An gwada jininta da fitsarinta a asibiti, an ce zaibar ta haura yadda ya kamata. Mun bar gidan, muna zaune wurin abokina Abdulgani. Garin gyaran gira, Yaya, ina tsoron na rasa ido. Ka taya mu addu'a Allah ya tsare abin da ke cikinta. Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Naka,
Munzali

Taman Melati, Kuala Lumpur
27 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya jikin Inna? Na gode da ta'aziyyar da ka yi mana ta waya. Na kasa magana ne a lokacin, shi ya sa nake rubuto maka.

Cikin ya zube. Mace ce. Na ɗauke ta da hannuna, ba ta fi nauyin ƙwaryar fura ba. 'Yan uwanmu ɗalibai suka taya ni muka rufe ta bayan la'asar. Sauran fitilun na mayar wa jami'a, kada ka jira su.

Likita ta ce ba za ta iya cewa zaibar ce ba, ba kuma za ta iya cewa ba ita ba ce, don ciki kan zube ba dalili. Kowa ya zo sai ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma na san wanda ya ɗauko ƙullin nan ya hawo da shi bene.

Sakinatu ba ta ci, ba ta kuka. Har yau ta ɗauka kayan aiki ne aka ba ni in ajiye. Ba ta san kayan zubarwa ne na ɗauko ba, ba ta san na karanta gargaɗin ba. Jiya da safe ta durƙusa a gabana ta roƙe ni gafara, wai ta fasa mini kaya, ta ɓoye mini, ta kashe mini 'ya. Wallahi, Yaya, na buɗe baki don in gaya mata gaskiya. Sai na ji kaina ina ce mata na yafe. Ta kuwa yi mini godiya.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Munzali