Belbelar Zinare a Kwalin Kunafa

Ustaza Busaina,

Ki taimake ni, abin ya fi ƙarfin in riƙe shi a ciki, kuma duk ɗan sana'armu da na gaya wa zai kai shi teburin shayi kafin la'asar. Amma kafin ki yanke mini hukunci, ki fara sanin wanda yake rubuto miki.

Na shigo Alƙahira daga ƙauyenmu na kudu a saman jirgin ƙasa, ba a cikinsa ba, da takardar sakandare da jallabiya guda. Ba kawu, ba ubangida. Na sayar da soyayyun 'ya'yan kankana a ƙofar silima a unguwar Shubra. Na yi dakon faifan fim a kan keke, zamanin da gidajen silima biyu suke raba kwafi ɗaya, nan ana kallon kashi na biyu ni kuma ina tsere da na farko zuwa can, in na makara 'yan kallo su karairaya kujeru. Na buɗe shagon hayar kaset. Na zama mai rarraba fina-finai har ƙauyukan da ba su da wuta. A ƙarshe na zama furodusa, da ofishina da sunana a ƙofa. Ba wanda ya taɓa miƙo mini hannu, kuma ban taɓa miƙa nawa ba.

Wannan bikin ba da kyaututtuka na ƙungiyar 'yan fim, wanda yanzu ake shimfiɗa masa jan kafet ana haska shi a talabijin, mata suna ɗinkin da ba za su iya zama a cikinsa ba, ni na san shi tun ana yinsa a farfajiyar kulob da kujerun haya irin na zaman makoki. Ni ma na kawo kujerun. Belbelar Zinare, kyautar da ake kashe kai a kanta yau, ta farko ta katako ce aka shafa mata fenti, har yana kama hannu. Tun daga lokacin ban taɓa fashin zuwa ba, kuma ba a taɓa kiran fim ɗina ba. Fina-finaina su ke cika silima ranar Salla, amma masu sharhin jarida sun ce na direbobin tasi ne. To, direbobin tasi ba mutane ba ne?

'Ya ɗaya Allah Ya ba ni, Rawiya. Uwarta, Kausar, ta rasu tana aji biyu a makarantar koyon fim. Yarinya ce mai taurin kai tun tana rarrafe. Da za ta fara aiki manya sun ba ta shawara ta ɗauki gajeren suna mai daɗin faɗi irin na 'yan fim, don namu dogo ne kuma da jinsa an san daga ƙauye muke, ta ce ita ba ta canza komai. Haka take, in ta ce a'a an gama.

Bara ta yi fim ɗinta na farko a matsayin darakta, labarin wata mata mai tuƙa kwalekwalen fito. Na ce in zuba kuɗi, ta ƙi. Ta yi ta yawon neman tallafi ofis-ofis kamar marainiya, alhali ubanta yana da rai. Na haɗiye. Da sunayen 'yan takara suka fito nata yana ciki, sai ta zo ofishina ta tsuguna gefen kujerata kamar yadda take yi tana ƙarama, ta ce Baba don girman Allah kada in sa hannu, in bar fim ɗin ya yi tafiya da ƙafarsa. Na shafa kanta na ce to.

Ustaza, ke ma kin san yadda ake cin wannan tsuntsuwa. 'Yan ƙungiya ke jefa ƙuri'a, rabinsu tsofaffi ne da ba su ƙara shiga silima ba tun da aka daina fim marar launi. Wanda ya tuna da su shi suke tunawa. Ina ji ina gani Hajji Shahata, wanda fim ɗin surukinsa yake takara da nata, yana bin gidaje da kwandon mangwaro. In zauna in naɗe hannu a cinye mini 'ya? Na aika wa kowane mai ƙuri'a farantin kunafa, kayan zaƙin nan namu, daga shagon da ya fi kowanne a gari, da hoton fim ɗin manne a kwalin. Na kafa allon talla a kan gada, fuskar jarumar ta fi bas girma. Na yi hayar jirgin ruwa a kan Nilu na tara dattawan, aka ci aka sha aka haska musu fim ɗin, ni kuma ina bakin ƙofa ina tarbar masu zuwa a makare, ko zama ban samu na yi ba har aka tashi. Ranar ƙuri'a na tura motoci aka kwaso masu ciwon ƙafa. Ban ce wa kowa ga kuɗi ka zaɓe ta ba, Allah shaida. Abin da kowa yake yi na yi, sai dai ni in zan yi abu ba na yin rabi.

Rawiya ta kira ni a waya tana kuka da ta ga allon. Na ce ta bari sai ta riƙe tsuntsuwar mu yi magana.

Ranar bikin na sa kwat sabuwa. An zaunar da ni layi na uku, karo na farko a rayuwata. Da aka zo kan darakta, mai gabatarwa, wani ɗan barkwanci da ni na fara ba shi aiki yana yawo da silifa, ya ɗaga belbelar ya shinshina, ya ce jama'a bana tsuntsuwar nan ƙamshin kunafa take yi. Zaure ya kwashe da dariya. Shahata ya juyo daga gabana ya ce Mabruk, barka ya Hajji, saura ka aiko mana da shayin korawa. Sannan aka buɗe ambulan, aka kira ta.

Ta hau. Ba ta yi murmushi ba. Ta gode wa Allah, ta gode wa marigayiya uwarta, ta gode wa matan bakin kogi da suka koya wa jarumarta tuƙi, da mai kyamara, da mai haɗa hoto, har da mai dafa musu shayi, da sunansa da na garinsu. Ni kuma na riga na ɗan ɗaga daga kujera ina ɓalla maɓallin kwat, don na ga kyamara ta juyo kaina. Sai ta ce na gode, ta sauka. Ƙasar nan gaba ɗaya ta gan ni a rabin tsaye. Mai gadin gidanmu ya gani. 'Yan ƙauyenmu da suka taru a shagon shayi don su ga ɗansu sun gani.

Washegari direba ya shigo ofis da kwali, irin kwalin kunafar da na rarraba. Na buɗe, sai ga belbelar a kwance. Ya ce Ustaza Rawiya ta ce a gaya mini tawa ce, ni na ci. Na ɗauke ta na ajiye kan kabad, na juya fuskarta bango, ban ƙara kallonta ba. A gaban direban na rantse da Allah yarinyar nan ba za ta sake taka gidana ba sai ta shiga talabijin ta faɗi abin da ubanta ya yi mata. Ta kwashe kayanta ta koma wurin ƙanwar uwarta. Yanzu ina jin labari a bakin mutane wai an gayyace ta wani biki a Turai, an kuma yi mata tayin aiki a can, wai ta ce ba ta ga abin da zai dawo da ita ba. Gidan ya yi mini girma, ba na iya cin abinci a teburin, amma ba ni zan fara ba. Me na yi? Uban da ya tsaya wa 'yarsa shi ne abin kunya, mai dafa shayi shi ne abin faɗa?

Na san al'adar filinki na jarida ce a ɓoye suna. Ni ban yarda ba. Ban yi sata ba balle in rufe fuska. Na rubuta sunana cikakke a ƙasa, da na ubana da na kakana, ki buga shi da manyan baƙaƙe. Tunda an hana ni shi a kan dandamali, a rubuta shi a nan, a san ni ne.

Wani uba, Shubra

*

Ya Hajji,

Ban buga sunanka ba, kuma sauran sunayen da ke cikin wasiƙar duk na sauya su. Ka yi fushi da ni in ka so, amma ka karanta zuwa ƙarshe.

An ɓata maka, wannan ba na musu. Mutumin da ya kawo kujerun bikin farko bai cancanci a mai da shi abin dariya a layi na uku ba, kuma mai barkwancin nan ya yi butulci. Kwalin kunafar ma ya yi tsauri. 'Ya ba ta aika wa uba magana irin wannan ta bakin direba, kuma in ta rubuto mini zan gaya mata haka ba tare da kwana-kwana ba. Gaskiyarka ce kuma cewa ba kai ka ƙirƙiro zawarcin masu ƙuri'a ba, ka tarar ana yi, kuma baɗi ma za a yi.

Yanzu ka koma farkon wasiƙarka. Kafin ka gaya mini damuwarka sai da ka jero mini jirgin ƙasa da keke da shagon kaset, ka rufe da cewa ba wanda ya miƙo maka hannu. Wannan magana ita ce dukiyarka, ta fi ofishin daraja a wurinka. Ita 'yarka ta so ta mallaka. Don ita ta ƙi kuɗinka ta yi yawon ofisoshi, don ita ta tsuguna ta roƙe ka, kai kuma ka ce to. Na kalli fim ɗin da kuɗina, kuma da ina da ƙuri'a ita zan ba, ko da kunafa ko babu. Amma yanzu ba wanda zai iya tabbatar da haka, har ita kanta. Duk inda ta shiga da wannan kyauta akwai mai shinshinawa. Bayan abin da aka faɗa a zauren, da ta ambace ka da ta sa hannu a kan zargin a gaban kowa. Da in buga sunanka yau da ni na sa mata hannun, shi ya sa na ƙi.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wasiƙar. Ka ce a jirgin ruwa kana bakin ƙofa har aka tashi, kuma ban ga inda ka ce ka zauna ka kalli fim ɗin a wani wuri ba. In na yi kuskure ka yafe ni. In ban yi ba, ka je silima da rana, ka yanki tikiti kamar kowa, kada ka gaya wa manaja kai wane ne, ka zauna cikin direbobin tasin da kake karewa ka ga abin da 'yarka ta iya. Kai ka san fim, ba sai an gaya maka ba.

Rantsuwar kuma ka warware ta. Rantsuwa a kan yanke zumunci ba abin riƙewa ba ce, ka tambayi limamin unguwarku, ka ciyar da miskinai goma ka huta. Kada ka jira talabijin, kada ka aiki direba, kada ka aiki ƙanwar uwarta. Ka ɗauki belbelar a hannunka, ba a kwali ba, ka hau benen da take zaune da ƙafarka kafin ta shiga jirgi. Ba na ce ka durƙusa ba. Ka ce mata ka yi alkawari ka saɓa, ka gaya mata wurin da ya fi kama ka a fim ɗin, sannan ka yi shiru ka bar ta ta yi magana, ko da maganar ba ta yi maka daɗi ba. Tana iya tafiya Turai duk da haka, aikinta ne. Abin da ke hannunka shi ne ta tafi tana da gidan dawowa.

Saura batun suna. Kai da kanka ka ce an ba ta shawara ta yar da naku don dogo ne kuma na ƙauye, ta ƙi, ka lissafa shi cikin taurin kanta. To da aka buɗe ambulan, me mai gabatarwa ya karanta? Sunanta, da naka a bayansa, da na mahaifinka. Haka yake a allon da ka kafa a gada, haka zai fito a Turai, haka aka sassaƙa a gindin tsuntsuwar da ka juya fuskarta bango. Ba ka bukatar filina. Ka sauko da ita daga kan kabad, ka juyo ta, ka sa tabarau ka karanta.

Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya jiƙan Kausar, Ya haɗa ka da 'yarka a teburi ɗaya.

Busaina