Tagar da Ake Gwadawa Duk Asabar

Kuala Kangsar, Perak.

Zuwa ga yayata, Kak Long Ramlah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abang Yusof da duk mutanen Tawau. Yaya gwiwar taki? Allah ya sa sabon maganin ya karɓe ki, ya ƙara miki sauƙi da nisan kwana. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ake yi kusan kullum da la'asar, kogi ya cika amma bai hau ba. Ɗan'uwanmu Angah ya dawo daga Umra da tari da dabino, naki yana wurina sai na sami mai zuwa. Matarsa kuma an yi mata aikin ido, yanzu har abin da ba a so ta gani tana gani. Na zaɓi takarda ne don na san jikokinki ke karanta miki saƙon waya, maganar kuwa ba ta yara ba ce.

Kin dai ga hoton ɗakin tafi-da-gidanka da 'yata Lina da mijinta Zul suka saya bayan Babbar Salla, fari fat, da gado da ɗan kicin a ciki, ana jan sa da mota. Na taya su murna da zuciya ɗaya, har sun ce da ni za a je bakin teku a Lumut. To fitarsu ta farko aka tafka ruwa, suka wayi gari katifar da jikokina Damia da Hazik suke kwana a kai ta jiƙe sharkaf. Tagar gefe ce ke yoyo. Ruwan yana bin ƙarƙashin robar da ta zagaye gilashin, ya sulale ta cikin bango ya fito a gindin gado. Zul ya cusa tawul, ya manna leda, duk a banza. Mutanen kamfanin suka duba suka ce sai an sauya tagar gaba ɗaya, kuma sabuwar tana cikin jirgin ruwa, sai a yi haƙuri. Suka gargaɗe shi kada ya shafa mata gam da kansa, in ya shafa babu ruwansu, kada kuma ya bar ɗakin a cikin ruwa. Su kuwa a bene suke zaune a Kuala Lumpur, ba su da wurin ajiye irin wannan abu.

Ni Lina ta fara kira, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta tambaye ni ko za su kawo shi tsakar gidana su rufe da tamfol. Sai na faɗi abin da marigayiya Mak, mahaifiyarmu, ta koya mana mu faɗa: kada su wahalar da kansu, gidan tsohuwa ne babu mai ɗaure tamfol, su yi abin da ya fi musu sauƙi. Ina faɗa ina jiran ta ce a'a Mak, nan za mu kawo, don a zuciyata har na gama kwashe tukwanen furanni daga hanya. Sai kawai ta ce to shi ke nan, ta tambaye ni ko na ci abinci. Uwar mijinta kuwa, Salbiah, ba ta ma jira an tambaye ta ba. Tana jin labari ta buga waya daga Taiping, wai su kawo shi ranar nan, rumfar da mijinta Haji Mokhtar yake ajiye motar ɗaukar kayansa a dā tana nan babu kowa a ciki sai kaji. Ki duba fa, garin da ya fi kowane gari ruwan sama a ƙasar nan, can aka kai ɗaki mai yoyo ya bushe.

Tun daga nan duk Juma'a da yamma sai su kwaso yara su yi Taiping, wai za su duba taga. Kin san hanyar, sai sun wuce ta kwanar garinmu kafin su kai can. Ni kuma ina nan ina kallon hotunan da Salbiah take zubawa a zauren waya na iyali, ga Damia tana kaɗa ƙwai a kicin ɗinta, ga Hazik a wuyan Haji Mokhtar yana tsinkar 'ya'yan itacen rambutan, ga su duka a jere suna shan laksa, taliyar nan mai romo. Kishi nake yi, Kak Long, ba zan ɓoye miki ba. Nakan buɗe hoton da yatsu biyu in duba ko yaran sun rame, sai in ga kumatu suka ƙara. Na faɗa wa Angah laksar matar nan ruwa-ruwa ce, ya ce shi dai ya taɓa ci har ya nemi ƙari, na ce dama shi bai taɓa sanin ɗanɗano ba. Ranar da Hazik ya kira ni Tok a waya, sunan da suke kiran Salbiah, maimakon Opah da suke kirana, dariya na yi musu, na kashe wayar na zauna a bakin gado har aka kira magariba.

Da abin ya ishe ni sai na sa Angah ya kai ni wata Asabar, da sunan na zo gaida surukai. Na tarar an jawo ɗakin daga rumfa an kafa shi a rana. Haji Mokhtar yana tsaye da zane a ƙugu, tiyo a hannu, yana feshe tagar da ruwa, yaran suna ciki sun manna hanci a gilashi suna yi wa kakan nasu ihu wai babu yoyo, Tok Wan, ƙara ruwa. Na shiga na shafa bangon da hannuna, na ɗaga katifa na shinshina, ko'ina a bushe ƙayau. Damia ce ta ba ni labari, wai ai tun kafin hutun makaranta aka sa sabuwar taga, amma Tok Wan ya ce dole a riƙa gwada ta duk Asabar don kada ta manta aikinta. Na juya na dubi Salbiah, ina zaton za ta sunkuyar da kai. Ina! Dariya ta yi har da dafa kafaɗata, wai Kak Zah, in ban kira su ba wa zai kira mini su, 'ya'yan birni ai sai da igiya. Ta ce in tagar ta gaji ma famfon bayinsu yana nan yana ɗiga, ta hana Haji ya taɓa shi. Ta turo mini soyayyiyar ayaba, na ci, kuma abin haushin ta yi daɗi.

Da za mu tafi Lina ta rako ni mota. Na ce mata cikin wasa ashe hanyar Taiping ba ta da kwana. Ta tsaya ta dube ni da mamaki na gaskiya, ta ce ai Mak kullum cewa kike lafiyarki lau, ba kya buƙatar komai, kada mu wahala, su kuwa iyayen Zul kullum da abin da ya lalace musu. Na ce haka ne, na gyara mata ɗankwali, na shiga mota. Har muka iso gida fuskata a ɗaure, Angah ya zaci haƙori ke damuna. Yarinyar nan a gabana ta tashi, ta sha ganin ana yi mini tayin abinci ina ƙi, sai an matsa kafin in sa hannu. Ban san inda ta koyi jin magana a yadda aka faɗe ta ba. Ba rumfar Salbiah nake ƙyashi ba, ba kuma mijinta da yake raye ba, bakinta nake ƙyashi, bakin da yake cewa ku zo ba tare da kunya ba. Damia ta kusa shiga makarantar kwana, in na yi sake za ta girma gidana yana wurin da ake leƙawa da Salla kawai.

To ga abin da ya sa na rubuto. Tun iskar da aka yi kwanakin baya rufin kicin ɗina yake yoyo, daidai saman murhu. Na riga na yi magana da Ah Keong kafinta, amma da na dawo daga Taiping na ce masa ya dakata, na tara bokiti. Na ɗauki waya ba sau ɗaya ba in faɗa wa Lina, sai in ji bakina yana tambayarta ko yara sun ci abinci. Ina so ke ki kira ta, ki tambayi lafiyar kowa, sannan ki sako maganar kamar a bakin Angah kika ji. Zul yanzu ya ƙware a neman inda ruwa ke bi, aikin ba zai gagare shi ba. Don Allah kada ki ce ni na sa ki.

Ki gaishe mini da Abang Yusof, da Rozita da maigidanta, da Hafiz in ya dawo daga gonar manja, da jikokinki 'yan biyu masu karanta saƙo. Angah da matarsa suna gaishe ki. Abu ɗaya kuma kada ki manta: in Lina ta kira ni, na san bakina, cewa zan yi ba wani abu ba ne, ɗigo ne kawai, kada su wahalar da kansu. Ki ce mata wannan karon kada ta yarda da ni.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki, autar Mak,
Zaharah