Birkin Keken Yaya Mahbub

Dakoro, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana Mahbub,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zafin Maradi? Inna da Baba suna gaishe ka. Tun da makarantarku ta hana riƙe waya, Agali direba na ba takardar nan ya kawo maka.

Yaya, ka zauna kafin ka karanta. Na taɓa kekenka. Na san ka rataye shi a ɗakin ajiya tayoyi sama, ka ce ko ƙuda kar ya sauka a kansa. To na sauke shi. Kuma ba shi ke nan ba: Mushe Jafaru, malaminmu na wasanni, ya shirya tseren keke na 'yan mata Asabar ɗin ƙarshen wata, na rubuta sunana! Ni Raliya, da in an kira ni a aji nake jin kamar in shige jakata. Na gaji da littattafan da yarinya ke zaune bakin taga tana jiran a zo a ɗauke ta. Ina so ko sau ɗaya iska ta ɗaga mini hijabi saboda gudun da ni na yi.

Ga matsalar. In na matse birki, hannun tafiya yake har ya taɓa kan keken, laushi kamar nunannen mangwaro. Na gaban kuma ƙara yake, har jakin maƙwabta na amsa masa. Mushe ya ce shi da kansa zai gwada birkin kowa, wadda nata bai kama ba ba za ta hau ba, saboda gangaren nan na bayan kasuwar dabbobi. Don Allah ka gaya mini yadda zan yi. Faɗan ka ajiye sai ka zo.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Raliya

Dakoro, 15 ga Afrilu

Yaya Mahbub,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Takardarka ta iso, sau shida na karanta ta. Na ga inda ka ce za ka ja mini kunne, amma na ga kuma shafi biyu na bayani har da zane, saboda haka na san ba ka yi fushi sosai ba.

Ashe ratayewar da ka yi ce ta sa iska ta bi igiyar man birkin ta sauka inda bai kamata ba! Wato rabin laifin naka ne. Na yi yadda ka ce: na tsayar da keken daidai, na ɗaure hannun birkin da roba, na riƙa ƙwanƙwasa igiyar da cokali don iskar ta hau sama. Washegari na gaban ya yi tauri. Tsalle na yi a tsakar gida, kaji suka watse.

Sai dai kafin takardarka ta zo an yi wani abu. Inna ta gaji da ƙarar nan. Ina lakol wajen karatu ta ɗauko man gyaɗa da gashin kaza, ta shafe faifan birkin tsaf, gaba da baya, kamar yadda take yi wa kurar jan ruwan rijiya. Da na dawo ta tare ni da murna, wai ta raba ni da kukan aljanun nan. Ƙara kam ta ɗauke, Yaya. Birkin ma ya ɗauke. Na matse iya ƙarfina, keken ya wuce da ni salin-alin cikin danga. Ban ji ciwo ba, sai gwiwa. Inna ta ce ita dai tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ƙarfen da mai yake ɓatawa ba.

Na buɗe akwatinka, ka yafe. Na sami sababbin takalman birki a gwangwanin madara, na cire tsofaffin da suka sha mai na sa sababbin. Gwaggo Ramatu ta asibiti ta ba ni alkol na wanke ciwo da auduga, na wanke faifan har yatsana na kuka a kansa. Na sassauta kusoshin nan biyu da ka zana, na matse birki, na ɗaure su a haka, yanzu ba ya gogar faifai ko kaɗan. Saura na baya, har yanzu laushi. Ina jin mai ya ragu, kuma ba ni da ɗan makullin buɗe murfin. Kwana goma sha ɗaya suka rage, ka sa ni a addu'a.

Taka, Raliya

Dakoro, 27 ga Afrilu

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya, amma yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba!

Bari in fara da Malam Samba mai gyaran babur. Baba ya ce in kai masa. Ya buɗe murfin, ya ce mai ya ragu, ya miƙa hannu ya ɗauko kwalbar man birkin babur. Na tuna layin da ka ja sau biyu, cewa wannan man cinye robobin ciki yake, sai jan nan na akwatinka kawai. Kwalbar jan man tana hannuna ƙarƙashin hijabi, na ɗan nuna masa ita. Rumfar cike da maza. Ya ce ai mai mai ne, shekara talatin yana wannan aiki ana haifar irina. Ya karkata kwalbarsa. Ban san lokacin da na rufe ramin da tafin hannuna ba, na ce a'a, da ƙarfin da har mai shayi ya waiwayo. Sai aka fashe da dariya. Malam Samba ya dube ni ya dubi jan man, ya ce to injiniya, bismillah, shi zai riƙe mini keke. Na ɗiga da sirinjin Gwaggo ina matsa hannun a hankali, ƙananan kumfa na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa karanta shafin da ya kai wannan daɗi ba.

Jiya Mushe ya matse birkin, ya sake matsewa, ya tambayi wa ya gyara. Na ce ni. Mu goma sha huɗu muka tashi. A gangaren kasuwa ni ce ta biyu, sai ga amalanken ruwa ya fito tsakiyar hanya, jakin ya toge. Kadija da ke gabana ta kauce ta cikin rairayi ta wuce. Ni ba ni da wurin kaucewa. Yatsa ɗaya na sa, keken ya tsaya cak, har ina jin numfashin jakin a hannuna. Kafin a janye shi uku sun bi bayan Kadija. Na zo ta biyar, kuma tun jiya murmushi ya ƙi barin fuskata.

Inna tana gaya wa maƙwabta man gyaɗarta ne ya sa keken gudu. Na ɓoye kwalbar man gyaɗar dai.

Kunnena na nan yana jiran ka. Keken kuwa, in ka zo hutu ka nemi aro, zan duba.

Ka gai da abokanka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.
Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Raliya