Bana An Tafi An Bar Ni

Bab Makka, Jidda

Yaya Rakiya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Iyalan kafilina, maigidan da nake wa aiki, sun tafi hutu Turai, bana ban da ni. Bara mun zarce wata ukun da aka ba mu. Kafili ya ce in muka tsallaka Italiya daga Faransa za a sake lissafin kwanakin, kamar yadda ake fita Baharain a dawo. Ashe ƙasashen nan lissafinsu ɗaya ne. Shi tara ya biya, halas, magana ta ƙare. Ni aka hana biza.

Kin san ba yawo ke kai ni ba, can kaɗai nake ganin ɗana Ousmane da ke zaune Faransa. Hular da Inna ta ɗinka masa tana cikin akwatina. In ta tambaya, ki ce ta yi masa daidai.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Salamatou