Injin da ke Ɗakin Sharfaddeen

Rano,
Sha'aban, 2019

Zuwa ga Yaya Sadiƙ,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ramlatu da yara a can Fatakwal. Allah Ya ƙara mana haƙurin rashin ƙaninmu Sharfaddeen, Ya haskaka kabarinsa. Hajiya da sauƙi, sai dai har yanzu abinci sai an yi da ita.

Na ji saƙonka cewa a ba direba firintar nan taka mai sikana ya kai maka shago. Hakkinka ne, kai ka saya. Amma ka bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Ashe marigayi ya haɗa ta da ɗan akwatin nan mai kai saƙo ba tare da igiya ba, ya bi maƙwabta yana saka musu lambar sirri a wayoyinsu. Ka san shi da rashin iya riƙe abu shi kaɗai. Mutum yana zaure ko bakin masallaci zai turo takarda, ta fito a ɗakinsa, shi kuma ya miƙa masa.

Bayan sadakar bakwai muka kulle ɗakin, ba wanda ya tuna da cire injin daga wutar sola. Ranar Talata da hantsi ina wanke-wanke, sai muka ji ya tashi yana aiki a kulle. Wallahi sai da kwano ya suɓuce mini. Hajiya ta fito ba ko mayafi, ta kira sunan marigayi. Ashe Malam Isyaku ne, mai koyarwa a Islamiyya, ya turo tambayoyin jarrabawa bisa sabo. Ya zo yana ta ba da haƙuri, har da hawaye. Kawu Shitu ya ce a kashe abin nan, tayar da hankali ne kawai. Hajiya ta ce ba mai taɓa shi, duk takardar da ta fito ladan ɗanta ne.

Yanzu ita ke riƙe da makulli. Ba ta karatun boko, amma da ta ji motsin injin za ta buɗe, ta kwashe takardun da ɗuminsu, ta kai zaure da kanta. Jiya har daga ƙauyen Lausu wata ta zo a ɗaukar mata hoton takardar haihuwa, na yi mata, Hajiya na tsaye a kaina. A nan kaɗai nake ganin fuskarta ta saki.

Don girman Allah, Yaya, ka bar mana shi. Ban gaya mata maganar direba ba, kuma ba zan iya ba. In ka ga dole sai an ɗauka, to ka kira ta ka faɗa mata da bakinka.

Ka gaida Anti Ramlatu da Amiru da Humaira. Inna Barira da Yalwa suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Rukayya